Gida Ya Daɗe a Hannun Dillalai: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk kuka ɗaya suke yi: an sa gida a kasuwa, ana ta zuwa dubawa, amma ba mai dawowa da kuɗi. Ga waɗanda na zaɓo.

Wani ma'aikaci da ya yi ritaya ya rubuto daga Gesse a Birnin Kebbi: "Baba, gidana ɗaki huɗu da falo biyu. Wata goma sha ɗaya ke nan da na sa shi miliyan 45. Na ba dillalai shida don ya fita da wuri. Duk wanda ya taya ƙasa da haka nakan ce albarka. Me ya rage ban yi ba?"

Malam, dillalan nan shida su ne ciwon farko. Kai ka ce 45, wannan zai ce 48, wancan ya ce 50 don ya ci abin da ya hau sama, ban da la'adarsa. Mai saye ɗaya sai ya ji kuɗi uku a kan gida ɗaya cikin mako guda, ya ce lallai akwai wata a ƙasa, ya ja da baya. Kira su, ka sallami biyar. Ka bar wanda unguwa ta san gidansa da iyalinsa, ku yanke la'ada a rubuce gaban shaidu, ka ba shi wata uku, kuma ka sharɗanta cewa ranar ciniki kai da mai saye za ku zauna ido da ido.

Sai maganar kuɗin. Na san lissafin da kake yi: tun da aka janye tallafin mai a 2023 siminti da rodi da kwano suka tashi, ba za ka iya sake gina irinsa da wannan kuɗi ba. Gaskiya ne. Amma mai saye ma wannan tsadar ce ta cinye masa aljihu. Kada ka auna gidanka da abin da maƙwabta suka sa wa nasu. Bincika nawa aka sallama gidajen da suka riga suka fita a layinku cikin shekarar nan. Mai unguwa ya sani, don yawanci a gabansa ake sa hannu. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun taya kusan kuɗi ɗaya, kasuwa ta riga ta yi magana.

Na biyu wani matashi ne daga Badariya: "Kawu, gidan da nake son sayarwa yana da tsaga a bangon baya, kuma ruwa kan shigo tsakar gida in an yi mai ƙarfi. Abokina ya ce in ranci miliyan biyu in shafe tsagar da filasta, in yi sabon fenti, in sa tayil da fitilu masu kala, in sayar kafin damina. Ya ka gani?"

Ɗana, a nan zan daɗe, don wannan ɗabi'a ta dame ni ƙwarai. Abin da abokinka ya koya maka sunansa algus. Hadisin ba ɓoyayye ba ne: Manzon Allah (SAW) ya wuce mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, mai kaya ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Tsibin hatsi ke nan. To ina ga bangon da yaran wani za su kwana a gindinsa cikin watan Agusta?

Na taɓa raka ƙanena duba wani gida a nan cikin gari. Fenti sabo fil, ƙanshinsa har waje. Maginin da muka tafi da shi bai ce komai ba, sai ya ciro ɗan makullin babur ɗinsa yana ƙwanƙwasa bango daga ƙofa yana tafiya. Da ya kai kusurwar gabas sai ƙarar ta sauya, ta koma kamar ta fankon gwangwani. Ya durƙusa ya kankare da farce, filastar ta zubo, ga jiƙaƙƙen bulo a ciki da hanyar gara ta hau sama. Muna fita wata tsohuwa da ke tallar ƙuli a ƙofar maƙwabta ta nuna mana da hannu inda ruwa kan tsaya, wajen gwiwa. Ƙanena bai ƙara komawa ba, kuma duk wanda ya tambaye shi labarin gidan ya faɗa masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutanen Kebbi sun ga ambaliyar 2020, yanzu ba mai zuba miliyoyi bai tambayi maƙwabta yadda layi yake da damina ba.

Ban da haramci, dubi asarar. Tayil ɗin da ka zaɓa ba lalle ya yi wa matar mai saye ba, watakila watan farko ta sa a fasa. Fitilu masu kala ba su ƙara wa gida ko sisi. Kai kuma ka ɗauki bashin miliyan biyu a kan cinikin da ba ka san ranarsa ba. Na ga mutane da yawa sun narka kuɗi a silin mai ado da ƙofar ƙasar waje, alhali masai ya cika, kwata ta toshe, ga bashin wuta na shekaru a kan mita. Mai hankali in ya shigo gida ba sama yake fara kallo ba. Yana buɗe famfo ya ga ko ruwa na zuwa, ya leƙa banɗaki, ya duba silin ko akwai tabon yoyo, ya nemi takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe.

In kana da ɗan abin kashewa, ga inda za ka sa shi: kira magini na gaskiya ya duba ko tsagar ta filasta ce ko daga tushe ta taso. In ta sama ce, a gyara da kyau, ka kuma faɗa wa mai saye an gyara. In daga tushe ce, faɗi gaskiya ka rage kuɗin gyaran daga farashi. Yashe magudanar ruwa, ɗaga dokin ƙofa, canja kwanon da ya huje, biya bashin wuta, kwashe shara da tarkacen da ke bayan gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai saye ya fi sakin jiki da wanda ya nuna masa wurin da hannunsa. Da yawa ma sun fi son a rage musu su yi gyaran yadda suke so.

Wasiƙa ta uku ta taɓa ni. Wata baiwar Allah daga Argungu ta ce: "Baba, maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyar da gida ɗaya. Muna son mu sayar mu sayi ƙarami, sauran a yi wa yara makaranta. Sau biyu ana gama ciniki sai mai saye ya fasa in ya ji gidan gado ne. Yanzu wani ya ce in ba shi takardun asali ya kai wa lauyansa. Ba na barci."

'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kwantar da hankalinki, gidanki ba shi da aibu. Masu saye tsoron rigimar magada suke yi, kada bayan shekara wani ya fito ya ce ba da yawunsa aka sayar ba. Maganin wannan yana kotun shari'a. Ki tafi da wani babba daga danginki da wani daga dangin mamacin, a lissafa magada, a fitar da bashi da wasiyya in akwai, a rubuta rabon kowa, har da tumuninki. Tunda akwai marayu ƙanana, alƙali ne zai ba da izinin sayar da rabonsu. Kuma a fara yi wa magadan da suka balaga tayi, domin a mazhabarmu ta Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi bare cancantar sayen rabon da za a sayar. Ranar da kika riƙe takardar kotu, wanda ya gudu jiya shi zai dawo yana sallama.

Takardun asali kuwa, kada su bar hannunki ko da na awa ɗaya. Ba shi kwafi. In lauyansa na son ganin na asali, ya zo ya gani a gabanki da shaidu. Kada ki miƙa makulli saboda kafin alƙalami, kada kuma ki yarda da saƙon waya cewa kuɗi sun shiga. Ki je banki da ƙafarki a tabbatar miki. In gidan na da takardar mallaka ta gwamnati, ki sani dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da ita sunan wani, in kuma ta ƙaramar hukuma ce sai da amincewarta. Ki sa a duba fayil ɗin a ofishin filaye tun yanzu, a biya kuɗin ƙasa da ya taru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani daga Jega yana tambaya ko ya turo abokansa biyu su riƙa taya gidan da tsada a gaban mai saye don ya ji tsoro ya ƙara. A'a. Wannan shi ne najashi, an hana shi ƙarara, kuma abin kunya ne magidanci ya tambayi haka. Jega gari ne na 'yan kasuwa, kafin la'asar an gane abokan naka.

Ta ƙarshe daga wata malamar makaranta ce a Bayan Kara, tana tambayar yaushe ya fi kyau a tallata gida, kuma ko sa hoto a Facebook da WhatsApp na da amfani. Malama, yana da shi in an yi da hankali. Ɗauki hoton da safe bayan an share, an janye shanya da tukwane, kada fuskar kowa ta fito, kada kuma ki sa hoton takardun gida, 'yan damfara da su suke aiki. Rubuta unguwa, girman fili, yawan ɗakuna, ko akwai rijiya ko burtsatse, ko mota na shiga layin, da irin takardar da ke hannu. Sa kuɗin a fili; "sai an zo" na korar masu niyya. Kada ki karɓi baƙon dubawa ke kaɗai a gida. Lokaci kuma, kuɗi a jihar nan shinkafa suke bi: bayan girbin kaka da bayan an kwashe ta rani, sai kuma sa'ad da 'yan Aliero suka sayar da albasa. Gab da azumi ko lokacin biyan kujerar Hajji ciniki kan yi sanyi. Tunda kin ce layinku ba ya riƙe ruwa, ki kira masu dubawa washegarin ruwa mai ƙarfi su gani da idonsu. In kuma ba matsuwa kike ciki ba, idan gidanki na kusa da babbar makaranta irin kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ba za ki rasa 'yan haya ba; ki ba da na shekara ɗaya a rubuce, da sharaɗin cewa gidan na kasuwa ne kuma za a riƙa zuwa dubawa.