Tambaya da Amsa: Tara Zanen Waɗanda Suka Koya wa Kansu

Tambaya: Akwai wani dattijo mai gadi da ya daɗe yana zane da fensir a bayan tsofaffin kwalaye, bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba, kuma ba ya sayarwa sai an matsa masa. Na sayi guda goma sha ɗaya a hannunsa, amma abokaina suna cewa shara nake tarawa. Shin irin wannan aiki yana da daraja a idon masana, kuma ta yaya zan tallata shi ba tare da na cuci mai shi ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, abokanka sun yi gaggawar yanke hukunci, domin masana sun daɗe da buɗe wa irin wannan aiki babi nasa. Mai zanen nan ɗan Faransa, Jean Dubuffet, ya fara tara ayyukan masu taɓin hankali da fursunoni da sauran waɗanda ba su bi ta makaranta ba tun 1945, daga baya ya ba birnin Lausanne na Suwizalan kyautar abin da ya tara, aka buɗe masa gidan adana na musamman a 1976. Tun 1993 kuma ake cin kasuwar baje kolin irin waɗannan ayyuka a New York. Wannan ba ya nufin duk wanda ya zana abu a kwali gwani ne. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum yana da hannu nasa na kansa, wanda za a gane ko bai sa suna ba, kuma ko ya dage a kansa shekara da shekaru.

Labarin da ya fi kama da naka shi ne na Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama ta Amurka. A 1939, yana da shekara tamanin da 'yan kai, wani matashin mai zane mai suna Charles Shannon ya tarar da shi zaune a bakin titi a birnin Montgomery na jihar yana zana karnuka da alfadarai da mutane masu doguwar hula. Shannon ya riƙa kawo masa fenti da fensir, ya kuma adana zane sama da dubu na tsawon shekaru, har aka baje wasu a birnin Washington a 1982, shekara 33 bayan rasuwar Traylor. Ba don Shannon ba, da wuya a ce kwalayen nan sun tsira. Amma da aikin ya yi tsada, zuriyar Traylor ta kai ƙarar Shannon kotu a farkon shekarun 1990, sai da aka yi sulhu. Irin wannan taƙaddama ta sake tasowa a 2022 kan ayyukan Henry Darger, mai sharar asibiti a Chicago, wanda ya rasu a 1973 ya bar ɗakinsa na haya cike da zane da rubutu, ba tare da ya bar wasiyya ba.

Saboda haka, a ganina, tun dattijon yana raye ya kamata ku yi rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu, da sanin iyalinsa, wadda za ta fayyace abin da ka saya, da kuɗin da ka biya, da kason da zai samu idan ka sake sayarwa da riba. Ka kuma sani cewa sayen zane bai ba ka ikon buga hotonsa a littafi ko a riga ba, domin wannan haƙƙi yana hannun mai zanen sai ya ba ka izini.

Akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa ciki, wato su fara gaya wa mai zane abin da zai zana saboda shi ne ke shiga kasuwa, ko su mai da talaucinsa abin talla har labarin ya danne aikin. Ka kawo masa kayan aiki idan ya nema, amma idan ya fi son kwalinsa, ka ƙyale shi, kamar yadda Traylor ya fi son nasa.

Game da adanawa kuwa, kwali ba ya jure rana da danshi, kuma salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Ka shimfiɗa zane-zanen kwance, ka sa farar takarda tsakanin kowane biyu, sannan ka rubuta a littafi na daban ranar da aka yi kowane zane da abin da shi dattijon ya faɗa a kansa da bakinsa, domin wannan ne masu gidan adana za su fara tambayarka idan ka kai musu.