Tambaya da Amsa: Adireshin Rukuni Ya Rikita Mana Manhajar Tikiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kula da kwamfutoci na wani kamfani, mu ne ke karɓar ƙorafin ma'aikata. Kwanan baya muka fara amfani da manhajar da ke mayar da kowane imel ya zama tikiti mai lamba. Da ma muna da adireshin rukuni, wanda duk saƙon da aka aika masa yake isa ga mu shida da ke sashen, sai muka saka adireshin manhajar a cikin rukunin ya zama na bakwai. Washegari muka tarar da tikiti bila adadin a kan ƙorafi ɗaya, akwatunanmu kuma sun cika da saƙon "mun karɓi ƙorafinka". Haka nan wasu tikitin suna nuna sunan rukunin a matsayin mai ƙorafi, har ba mu san wanda za mu amsa wa ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na gode da tambayarka, domin matsala ce da ke wahalar da masu irin aikinku, kuma sau da yawa akan ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba.

Ga abin da nake kyautata zaton ya faru a daren. Ƙorafi ya isa rukunin, rukunin ya raba shi ga mambobinsa bakwai, manhajar ta buɗe tikiti, sannan ta aika amsar nan da take bayarwa da kanta. Idan an saita rukunin yadda kowace amsa za ta komo gare shi, to amsar ba ta je wa mai ƙorafin ba, ta faɗa rukunin ne, shi kuma ya sake raba ta ga kowa har da manhajar. Da manhajar ta gane saƙonta ne, da magana ta ƙare a nan. Amma rukuni kan taɓa saƙo kafin ya wuce da shi: yakan ƙara sunansa a gaban taken, yakan liƙa rubutu a ƙasa, wani lokaci ma yakan sauya sunan mai aikowa. Sai manhajar ta ɗauka sabon ƙorafi ne, ta buɗe wani tikitin, ta sake amsawa, abu ya yi ta zagayawa har gari ya waye.

Masu tsara ƙa'idojin intanet sun daɗe da sanin wannan haɗari. Kowane imel yana ɗauke da wasu layuka a samansa waɗanda mai karatu ba ya gani sai ya nema. A shekarar 2001 aka fitar da ƙa'idar RFC 2919, wadda ta kawo layin List-Id domin rukuni ya bayyana kansa a jikin duk saƙon da ya raba. A 2004 kuma aka fitar da RFC 3834, wadda ta ba da shawarar kowace amsa da na'ura ta yi da kanta ta ɗauki layin Auto-Submitted, kuma kada wata na'ura ta mayar da martani ga saƙon da ke ɗauke da wannan alama. Saboda haka ka buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin da suka cika muku akwati, ka duba waɗannan layuka biyu. Idan amsar manhajarku ba ta ɗauke da Auto-Submitted, a gyara. Idan kuma tana aika amsa ga saƙon da ke da List-Id, a kafa mata dokar da za ta hana. Manyan manhajoji sun tanadi kariya irin wannan. Manhajar tikiti ta Zendesk, alal misali, yana tsare saƙonnin da yake zargi a wuri na dabam har sai mutum ya duba.

Batun sunan rukuni da ke fitowa a matsayin mai ƙorafi kuwa yana da tarihi. A watan Afrilun 2014 kamfanin Yahoo ya tsaurara tsarinsa na DMARC, wato tsarin tantance ko imel ya fito daga inda yake iƙirari, ya nemi a ƙi karɓar duk saƙon da ke ɗauke da adireshin Yahoo matuƙar ba a tabbatar daga wurinsa ya fito ba. Wannan ya jefa rukunonin imel cikin matsala, tunda aikinsu shi ne sake aika saƙon wani da sunansa. Mafitar da manhajojin rukuni irin su Mailman da Google Groups suka bi ita ce su cire adireshin marubuci daga layin mai aikowa su sa na rukunin, su ajiye nasa a wani layin. Manhajar tikiti kuwa layin mai aikowa take dubawa, shi ya sa take rubuta muku sunan rukuni.

To, duk waɗannan gyare-gyare magani ne na wucin gadi. Shawarata ita ce ku cire manhajar daga cikin rukunin baki ɗaya. Ku ba ta adireshinta na kanta, akwati guda wanda ita kaɗai ke karantawa, ya zama ƙofa ɗaya tilo da ƙorafi ke shigowa. Idan ma'aikata sun saba da tsohon adireshin, ku rushe rukunin ku mayar da wannan adireshi ya riƙa zuba saƙo kai tsaye cikin akwatin manhajar, ita kuma ta sanar da ku shida cewa sabon tikiti ya shigo.

Abin da ya sa na nace a kan haka ya wuce maganar saƙo mai zagayawa. Muddin ƙorafi yana isa akwatin kowannenku, wata rana wani zai amsa daga nasa akwatin, amsar ba za ta shiga tikitin ba, abokin aikinsa kuma zai sake amsawa da wata magana dabam. Ko kuma kowa ya ɗauka wani ya riga ya amsa, mai ƙorafi ya yi ta jira shiru. Amfanin tikiti gaba ɗaya shi ne a san wanda ya nema, a san wanda aikin ke hannunsa, a kuma ga duk abin da aka faɗa a wuri guda. Tsarin da kuka yi yana rushe wannan amfani ko da saƙo bai taɓa zagayawa ba.

Akwai wani ɓangaren da ba ka tambaya ba amma zai zo maka. Wani lokaci mai ƙorafi ne da kansa zai sa adireshin rukunin sashensu a cikin waɗanda ya aika wa kwafi. Kada ka bari manhajar ta ɗauki wannan adireshi a matsayin mai tikitin. A rubuta sunan mutumin da ya aiko, rukunin kuma ya zama mai bibiya kawai, kuma a kashe masa amsar da na'ura ke bayarwa. Ka tuna ba ka san adadin mutanen da ke bayan wannan adireshi ba. Duk tikitin da ya shafi kalmar sirri, albashi ko wani bayani na mutum, a cire rukunin daga cikinsa kafin a amsa.

Bayan kun gama gyaran, ku gwada shi da rana lokacin da kuke kan aiki: ku aika saƙo ɗaya daga adireshin ma'aikaci, ɗaya daga adireshin waje, ɗaya kuma da rukuni a cikin kwafi, sannan ku tabbatar kowanne ya buɗe tikiti ɗaya tak da sunan wanda ya aiko shi. Idan manhajarku tana da wurin ƙayyade yawan amsar da za ta aika wa adireshi ɗaya cikin awa guda, ku kunna shi kafin ku tashi daga aiki.