Na Yi UPDATE Sai Kowa Ya Koma Aji Uku

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina koyon MySQL ne, manhajar ajiye bayanai a tebura, ina ɗan haɗa wa islamiyyar unguwarmu rumbun bayanai, tebur biyu ne, dalibai da biya. Na zo zan mai da yaro ɗaya aji uku wallahi kawai sai na ga kowa ya koma aji uku, sannan in na yi JOIN don haɗa teburan biyu, waɗanda ba su biya kuɗin wata ba sai su ɓace. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta farkon WHERE ka manta, wato sharaɗin da ke nuna layin da za a taɓa, shi UPDATE, umarnin canza bayani, in ba ka nuna masa layi ba to duk teburin zai bi ya canza. Ga yadda ake yi:

UPDATE dalibai SET aji = 3 WHERE lamba = 17;

Da lambar ɗalibin fa, ba da suna ba, Muhammad nawa ne a islamiyyarku? Wanda ya riga ya lalace kuwa gaskiya ROLLBACK, umarnin janye canji, ba zai dawo da shi ba tunda MySQL yana adana canji nan take, sai dai in kana da bakof, wato kwafin ajiya na bayanan, in babu ka ɗauko rijista ka gyara. Nan gaba ka fara da START TRANSACTION, wanda ke riƙe canji har sai ka tabbatar, ka yi canjin, ka duba da SELECT, in ya yi ka ce COMMIT ya adana, in bai yi ba ROLLBACK, amma nau'in teburin ya zama InnoDB don nau'in MyISAM bai san wannan ba. Kuma in Workbench, manhajar da ake rubuta umarnin MySQL a ciki, ya ba ka kuskure mai lamba 1175 don Allah kar ka yi saurin kashe kariyar nan, irin abin da ya same ka take hanawa.

Ta biyun kuma JOIN zalla yana kawo wanda yake da layi a duka teburan ne kawai, wanda bai biya ba ai ba shi da layi a biya. LEFT JOIN kake so:

SELECT d.suna, b.kudi FROM dalibai d LEFT JOIN biya b ON d.lamba = b.lamba AND b.wata = 5;

Wanda bai biya ba zai fito da NULL, wato babu komai, a gurbin kuɗi. Lura da inda na sa watan, cikin ON ne, in ka kai shi WHERE yaran nan za su sake ɓacewa.