Amsa kan Corolla mai rawa a ralanti, mai nuna P0011

Ɗan'uwa ka ce Corolla ɗinka 2005 mai injin 1ZZ tana rawa in ka tsaya, tana shan essence fiye da da, kuma da aka sa mata valiz, wato na'urar da ke karanta matsalar mota, ta nuna lambar matsala P0011. Kafin ka sayi komi duba man inji tukuna. Lambar ta shafi lokacin buɗe bawul ne, kuma solenoyid na VVT-i, wani ɗan bawul mai lantarki a kan inji, da ƙarfin mai yake aiki, shi ke tura mai cikin kan kamshaf don ya gyara lokacin buɗe bawul, to in mai ya ragu ko ya yi kauri da ƙurar nan tamu ta Tahoua sai ya laƙe, motoci da yawa vidanj, wato canjin mai, kaɗai suke so wallahi.

In ka canza mai ba ta daina ba, bari inji ya huce, cire kan batir na baƙi, zare fish ɗin wayar solenoyid ɗin, ƙusa ɗaya ce ke riƙe shi, kwance ta da kile 10, ka murɗa shi a hankali ka jawo. Auna shi da miltimita, mai lafiya yana ba da 6,9 zuwa 7,9 om, sannan ka taɓa mishi 12 volt daga batir, in ba ka ji ƙas ba ya mutu. Kuma akwai ɗan ƙaramin rariya a ƙasanshi cikin kan inji, mutane na mance ta, abin na ba ni takaici don sau da yawa ita ce ta toshe, wanke ta da essence.

In ya mutu ka sayi sabo, ka shafa wa robarshi mai kafin ka sa, kar ka ɗaure da ƙarfi aluminiyom ne, sai a goge lambar da valiz.