Amsa: Ko mota ce ta ba Antonelli kambun F4 na Italiya a 2022?

Malam, ka ce ba ka ga abin yabo ba, tunda yaron yana ƙungiyar tsere ta Prema, wai duk wanda aka ba wannan motar zai ci. To a F4, wato ƙaramin ajin tseren motoci na matasa, ba haka abin yake ba. Kowa irin mota ɗaya yake tuƙawa: gangar jikin Tatuus, injin Abarth, tayar Pirelli. A shekarar ce ma aka kawo sabuwar motar mai ƙarfen kare kan direba, kusan kowa koyonta yake yi.

Inda nake tare da kai shi ne Prema ta fi yawancin ƙungiyoyi ƙwararrun injiniyoyi. Su ne ke zama da yaro bayan kowane gwaji, su buɗe masa kwamfuta su nuna masa kwanar da ya taka birki da wuri, da inda ya makara wajen ba da wuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ai abokan aikinsa, irin su Rafael Câmara, su ma wannan gatan suka samu, kuma ya bar su a baya.

Zagayen farko a filin tsere na Imola bai yi masa kyau ba sam. Daga nan ya murje ido ya ci tsere 13, yana ɗan shekara 15 zuwa 16, ya haɗa da kambun F4 na Jamus a shekarar.

Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsallake ajin F3 da aka sa shi yi ya wuce ajin F2 da ke sama da shi a 2024, kafin Mercedes ta ba shi kujerar direbanta Lewis Hamilton a babbar gasar F1 a 2025.