Amsa: Nawa ne nauyin karen 'yan sanda?

Malam, tambayarka ta cewa nawa ne nauyin karnukan 'yan sanda kuma wai dole sai ƙato ake ɗauka, a'a ba dole ba ne gaskiya, ya danganta da aikin da za a sa shi.

Wanda aka fi sani shi ne German Shepherd, namiji kilo 30 zuwa 40, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 65, macen kuma kilo 22 zuwa 32. Amma yanzu da yawa sun koma kan Belgian Malinois, tsayinsu kusan ɗaya sai dai shi bai da jiki sosai, namiji kilo 25 zuwa 30 ne kawai. Ni dai a ganina rashin nauyin nan ne ma ya sa ake son shi, ga zafin nama, yana haura katanga kamar wasa, ba ya saurin gajiya, kuma in ta kama mai kula da shi zai iya ɗaga shi ya tura ta taga, to ka gwada haka da kare mai kilo 40 ka ji yadda bayanka zai yi.

Masu shinshino ƙwaya da bam kuwa hanci ake nema ba ƙarfi ba. Labrador kilo 25 zuwa 36, a Ingila ma spaniel suke amfani da shi sosai, ɗan ƙarami da shi, don yana shiga ƙarƙashin kujerar mota da lungun da babba ba zai shiga ba. Bloodhound mai bin sawu shi ne ƙaton cikinsu, yana kai kilo 50.