Daji Na Allah Ne, To Wa Ya Isa Ya Hana Maharbi Shiga Yankari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Alkaleri, kuma farauta gado ce a gidanmu. Kwanan baya gardama ta kaure a zauren Sarkin Bakanmu har aka kusa ba hammata iska. Samari na cewa daji na Allah ne, naman ciki halal ne, babu gwamnatin da ta isa ta shata layi ta ce kada a tsallaka. Suka ce ga giwaye na fitowa daga Yankari suna cinye mana gonaki, ga ɓarayi sun tare a dazuzzukan Arewa, amma mai adaka ake kamawa. Dattawa kuma suka ce yaran yanzu ne suka ƙarar da nama da fitila da tarkon waya. Wa ke da gaskiya? Kuma in kallo kawai mutum yake so, ba harbi ba, zai iya shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa ba a kai ga zare wuƙa ba, don na san zauren maharba ba a rasa 'yan tauri a ciki.

Dattawanku sun fi kusa da gaskiya, amma ba su faɗe ta duka ba. Su ma samarin akwai inda suka taɓa ciwo na gaske, zan zo kansa.

Mu fara da maganar halal, tunda ita ce sandar da aka fi dogarawa. Babu musu, farauta halal ce. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji inda aka ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba ita ce halal. Akwai hadisin da ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Akwai kuma na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya biyu a wata tafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tana ta shawagi a kansu, ya sa aka mayar mata. Shata layi ma ba Bature ne ya fara ba. Annabi ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza, aka hana kowa kiwo a ciki sai dabbobin da aka ware wa wurin, don amfanin jama'a. Madina kanta an haramta farautar namanta. To ruwa ma na Allah ne, amma a garuruwan bakin kogi akwai gurbin da Sarkin Ruwa ke rufewa sai ranar kamun kifi na gayya, kuma ban taɓa jin wanda ya kira shi azzalumi ba.

Abin da ya sa na ce dattawa ba su faɗi gaskiyar duka ba shi ne, suna magana kamar mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah. Wataƙila. Amma babban abin da ya sauya kayan aiki ne da kasuwa.

Ina yaro na ga wani tsohon maharbi yana farauta da burtu. Itace ne aka sassaƙa mai siffar wuyan burtu, aka ɗora masa bakin tsuntsun na gaske, aka lulluɓe da fata, aka manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Sai ya rarrafa taku uku ya sunkuyar da kai kamar yana caccakar fara, ya ɗago, ya karkata gefe kamar ba ruwansa da kowa. Kafin ya matsa sai ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta nufa. Daga hantsi har rana ta take yana bin gada guda ɗaya, gwiwoyinsa duk ƙaya, ƙarshe wani reshe ya karye a ƙarƙashinsa, gada ta yi tsalle ta shige duhuwa. Ya miƙe yana dariya, ya ce yau ba rabo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma wannan gudun shi ne ke kare daji. Mai burtu yana da lokacin da zai duba ya ga mace ce ko namiji, tana da ciki ko tana tafe da ɗa. Kibiya ɗaya ce a baka, harbi ɗaya ne a adaka kafin a sake ɗuri. Farautar gayya kuma sai bayan kaka, an kawar da amfani, ba a yin ta da damina lokacin da zabi ke kwance a kan ƙwai.

Yanzu ɗauki yaro mai fitilar goshi. Ya haska, ido biyu suka yi ƙyalli, dabba ta daskare, ya harba. Bai san me ya harba ba sai ya isa wurin. Shi ma da sauƙi a kan mai waya. Mutum ɗaya zai sayi wayar birkin babur, ya ɗana zarge hamsin a kan hanyoyin ruwa, ya koma gida ya kwanta. Waya ba ta da ido. A wani zagaye da na taɓa bi da ma'aikatan daji mun tarar da mazo mace a zarge, wayar ta shige wuya har ta ɓace a cikin nama, ƙasar wurin duk ta tone saboda fafutuka, ƙuda ya riga ya yi ƙwai a idonta. Hantsarta cike da nono. Ɗan yana wani wuri a cikin ciyawa yana jira, ba mu same shi ba. Wanda ya ɗana bai ci ba, bai sayar ba, ko a Shari'a mushe ce. Ni a wurina wannan bai cancanci a kira shi maharbi ba, kuma ku ne ya kamata ku fara faɗin haka kafin malamin daji.

Ga lissafin da ya kamata a kai zauren Sarkin Baka. Zomo da gyazbi da zabo suna hayayyafa da sauri, za su iya jure farauta in an bar musu lokacin haihuwa. Gwanki kuwa cikin wata 9 take yi ta haifi ɗa ɗaya. Ɓauna wata 11. Giwa wata 22, sannan ta yi shekara 4 ko 5 kafin ta sake. In ka kashe giwa mace guda, ka kashe garke ne wanda jikanka zai gani. Shi ya sa ko a cikin Yankari da ake tsaro, kyarkeci ya ƙare, raƙumin dawa ya ƙare. Abin kunya ma, a 2006 sai daga Namibiya aka kawo raƙuman dawa aka zuba a gandun dajin Sumu na Jihar Bauchi, a ƙasar da kakanninmu suka raɗa wa dabbar suna da Hausa. Kuma ka tambayi kanka yaushe rabon ka ga ungulu a mahauta. Ba tsafta ce ta kore ta ba, masu sayen kanta don tsibbu ne da masu sa guba.

Yankari an keɓe shi ne a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Ka ɗauke shi a matsayin rumbun iri. Naman da ke fitowa bayan gari har ku samu na harbi, daga ciki yake malalowa. Manomi ko yunwa ta kai ina ba ya tuƙa tuwo da iri, in kuwa ya yi, baɗi sai ƙodago.

Maganar doka gajera ce. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta kasa dabbobi aji-aji, akwai waɗanda ba a taɓawa sam, akwai waɗanda sai da lasisi, kuma ta hana farauta a wurin da aka keɓe. Dokar tarayya ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, ta haramta kamawa ko cinikin irin su zaki, damisa da ɗan kunya ko a ina ne, ba sai cikin gandu ba. Bindiga kuma dokarta daban, ta 1959. Lasisin mai harsashi yana hannun Sufeto Janar, maganar adaka kuma tana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Mutane da yawa na zaton katin ƙungiyar mafarauta ya wadatar. Bai wadatar ba. Katin shaida ne cewa 'yan'uwanka sun san ka, ba izinin riƙe bindiga ba ne, balle izinin shiga gandu. Ban faɗi haka don in ce takarda na kare rai ba. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin Salla, ta'asa aka yi musu, babu wata rashin takarda da za ta wanke masu laifin. Amma duk mai ƙetare jiha da makami a wannan zamani ya riƙe takardunsa, kuma ya sa shugabannin ƙungiya su sanar da hukuma tun kafin a tashi.

Sai mu zo inda samarinku suka yi gaskiya. Mutumin da garken giwa ya kwana a gonarsa, ya wayi gari ya tarar da dawar shekara guda ta zama tabarma, ba za ka je masa da wa'azin kare namun daji ba. Giwayen Yankari 100 ne da 'yan kai, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, ƙasa duka ke alfahari da su, amma ƙauyukan gefe ne kaɗai ke biyan kuɗin abincinsu. Wannan ba adalci ba ne. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki da gwamnatin jiha a wurin ta sanya wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya dosa, akwai kuma mutanen ƙauyuka da ke buga waya in sun gan su. Barkono da amyar zuma a gefen gona, dabarar da aka gwada a Kenya, suna rage ɓarna. Duk wannan taimako ne, amma bai maye gurbin diyya ba, kuma ita ce ya kamata ƙungiyarku ta tsaya a kai, da rubutu, ta hannun hakimi da ɗan majalisarku. Harbin giwa ba ya dawo da dawa, sai dai ya ƙara wa mai gona zaman gidan yari, garken kuma ya ƙara zafin kai.

Haka batun ɓarayi. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da duniya ta san shi da shi. Gandun Kamuku a Birnin Gwari ma kowa ya san halin da ya shiga. Kuma ba a manta ba, maharba ne suka taimaka wa sojoji a Adamawa a 2014 lokacin da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. To dole mai adaka ya ji zafi in aka kama shi da gada, alhali mai babbar bindiga na kwance a inuwa. Sai dai a duba da kyau, dajin da ma'aikata suka janye daga cikinsa bai koma hannun maharba ba, hannun ɓarayi ya faɗa, maharbin ma yanzu ba ya iya shiga. Akwai kuma wanda ba a ambata a zaurenku ba, wato dillali. Shi ke ba da harsashi bashi, shi ke jiran hauren giwa da ɓawon ɗan kunya a birni, kuma ba a cika ganinsa a kotu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tambayarka ta ƙarshe ta fi faranta mini rai. E, za ka iya shiga kallo, amma ta ƙofa. Ka bi ta Mainamaji, ka yanki tikiti, ka bar bindiga da kare a gida, don wanda aka tarar a tsakiyar gandu ba izini ba wanda zai saurari cewa kallo ya zo yi. Daga sansanin Wikki ake fita a mota tare da ɗan jagora. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, komai ya gangaro kogin Gaji. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar. Za ka ga gwambaza da ɓauna da mazo, in da rabo gwanki ko kanki, giwa kuma sai an dace. Tsuntsaye sun haura iri 350.

Kada ka raina wannan kallon. Ku da kuka san sawun jiya da na yau, kuka san kashin kura da na zaki, kuka san abin da kukan biri ke nufi, kun fi mai digiri iya nuna wa baƙo dabba. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kilomita kamar 60 daga Yamai, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996. Ba shinge, a cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Aka daina kashe su, 'yan ƙauyukan suka zama masu jagorar baƙi ana biyan su, zuwa 2017 sun haura 600. Harin da aka kai wurin a 2020 ya kori baƙi, wanda ya sake nuna cewa rashin tsaro ba ya bambance maharbi da mai kallo. Amma dabbobin na nan.

In kun sake zama a zauren, ku ba Sarkin Baka shawara ya yanke abu uku da bakinsa: ba waya, ba harbin mace mai ciki ko mai ɗa, ba fita da damina. Abin da ya hana a bainar jama'a ya fi tasiri a kan wanda aka rubuta a Bauchi, don shi ya san wa ya fita daren jiya. Sannan ku tara kuɗin mota ku kai samarin nan Wikki su kwana ɗaya, su yi wanka a ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. Ka dai gargaɗe su su rufe ƙofar ɗaki da tagar mota, gwaggon birin wurin ya iya buɗe jaka, kuma ba ya tsoron ɗan tauri.